Ranar da Hazo Ya Rufe Damagaram

Kalmar jirgi ta girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. Da ita kakanninmu suke kiran kwalekwalen da ake fito da shi a kogi, wanda yake tura shi da gora kuwa suka ce masa matuƙi. Da dogo ya iso Kano aka sami jirgin ƙasa, da kuma Turawa suka sauko daga sararin samaniya a wannan birnin a 1925 sai aka ƙara da jirgin sama, sunan mai aikin dai bai sake ba. Nakan tuna da wannan duk lokacin da wani ya ji sana'ata ya buɗe baki yana mamaki. Aikina da na mai fito ɗaya ne: ka ɗauki mutane a wannan gaɓa, ka sauke su lafiya a waccan, kuma ka san ranar da ruwa ya fi ƙarfin jirginka.

A Zangon Damagaram aka haife ni. Mahaifina direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigilar gyaɗa da fatu zuwa Kano, daga baya ya koma hanyar Agadas. Shi ya sayar da fili da shanu biyu, ƴan uwa suka cika, aka tura ni Zariya, kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama da aka kafa a 1964. Bayan na sami lasisi na yi ta neman aiki har na fara fid da rai, kafin wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni a Yamai. Jiragenmu biyu ne, masu farfela, kowane yana cin mutum kamar 50. Sau da yawa ɗaya ne ke aiki, ɗayan yana rumfa yana jiran wani ƙarfe da aka yi odarsa daga Turai. Hanyoyinmu kuwa ba su wuce Maraɗi da Damagaram da Agadas da Difa ba.

Mai karatu da ya saba ganin matuƙa a filin jirgin Diori Hamani, suna jan ƴan akwatunansu da hula a kai, yana iya zaton duk rayuwarmu haka take. A ƙaramin kamfani matuƙi shi ne mai lissafin mai, shi ne mai sa ido a kan masu loda kaya, wani lokaci shi ne mai ba fasinja haƙuri a gindin matakala. Nakan tashi kafin asuba, in karɓi takardar yanayi daga ma'aikatan ASECNA, hukumar da ke kula da sararin samaniyar ƙasashenmu tun 1959, sannan in zagaya jirgin da tocila ina duba tayoyi da farfela da ƙarƙashin fukafukai, ko mai ya ɗiga da dare. Albashi yakan yi jinkiri. Duk wata shida a tura mu waje mu shiga na'urar kwaikwayon tuƙi, inda malami zai kashe maka inji ɗaya daidai lokacin da kake tashi, ya zuba ido ya ga abin da hannunka zai yi. Duk shekara kuma likita ya auna ido da kunne da zuciya, in ya ga abin da bai gamshe shi ba, to, sana'a ta ƙare a ranar.

Abin da ya riƙe ni a aikin shi ne tazarar ƙasarmu. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne a mota, yini guda cur har da ɗan dare. Mu kuwa ba mu cika sa'a biyu ba. Wanda zai je Difa a mota sai ya wuce kilomita 1,300. Na ɗauki mata masu naƙudar da ta gagara, na ɗauki ɗalibai da ranar jarrabawa ta matso, na ɗauki akwatunan allurar rigakafi da ba sa jure zafin hanya. Fuskokin fasinjojinmu ma mun san su, har akwai wata hajiya ƴar kasuwa da ba ta shiga jirgi sai ta leƙo ɗakin tuƙi ta ce, "Ɗana, kai ne yau? To, madalla."

Kowane lokaci na shekara da irin jarrabawarsa. Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafin Agadas yakan haura digiri 40, iska ta yi sakayau, fukafukai su rasa abin kamawa, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Nauyin da jirgi ya ɗauka da sanyin safiya ba zai iya ɗaga shi da azahar ba, don haka sai a sauke kaya, mai kaya kuwa ba ya jin wannan karatun, gani yake an raina shi ne. Da damina hadari yakan taso daga gabas da yamma liƙis, ya yi jere kamar ganuwa, tsawonsa ya ninka iyakar inda jirginmu yake iya hawa. Ɗalibin Hausa ya san cewa lanƙwasar harafi ɗaya ce ta raba hadari da haɗari. A wurinmu ma tazarar ba ta fi haka ba, shi ya sa muke kewaye shi da nisa, ko da za mu ƙona man rabin sa'a.

Amma duk cikinsu babu mai yaudara kamar hazon hunturu. Ƙura ce lallausa da iskar arewa maso gabas take kwasowa, mafi yawanta daga ƙwarin Bodele a arewacin Cadi, ta baza ta a kan ƙasar Hausa daga Nuwamba zuwa Maris. Hadari yana gargaɗi, kana hango shi, na'ura ma tana nuna shi. Hazo ba ya girgiza jirgi, ba ya tsawa. Kana sama rana tana haske, in ka dubi ƙasa tsaye kana iya ganin gonaki, amma da zarar ka sunkuyar da hancin jirgi kana neman titin sauka a gabanka, sai ka tarar da farin bango. Saboda haka kowane fili yana da takardar da ta ƙayyade iyakar inda matuƙi zai sauko. In ka kai wannan tsayin ba ka ga titi ko fitilunsa ba, doka ta ce ka ba inji wuta ka koma sama. Ba a bar wa ra'ayinka komai a ciki ba.

Wata ranar Janairu, ina shirin fita, Yayana ya kira ni daga Damagaram. Ya ce jikin Baba ya tsananta da dare, an kwantar da shi a asibiti, kuma yana ta tambayata. Sai ga shi a ranar ni ne a kan jirgin Damagaram, kuma tsarin ranar ya ba mu hutun sa'a huɗu a can kafin mu juyo. Na ɗauki wannan a matsayin sauƙi daga Allah. Abin da ya kamata in yi shi ne in kira ofis in ce hankalina ba ya kwance, a nemi wani. An koya mana haka, ni ma na koya wa wasu. Amma manyan matuƙa uku ne kacal a kamfanin, ɗaya yana hutu, ɗaya ya sauka da dare bai cika sa'o'in hutunsa ba. In na janye an soke tafiyar, ni kuma na rasa hanyar da ta fi kowace sauri zuwa wurin mahaifina. Na yi shiru, ban gaya wa kowa ba.

Takardar yanayi ta ce ana ganin mita 3,000 a Damagaram, Maraɗi kuwa ta riga ta rufe. Don haka na sa aka ƙara mai wanda zai ishe mu mu je, mu gwada, mu dawo Yamai, da ragowar minti 30 da doka ta wajabta, aka bar wasu kaya a ƙasa. Mataimakina yaro ne da na girme shi da shekara 15, bai daɗe da fara aiki ba, mai kunya, wanda ko ruwa zai sha sai ya fara miƙo mini. Fasinja 43 muka ɗauka.

Muna tsakiyar hanya hasumiyar Damagaram ta ce gani ya ragu zuwa mita 1,500. Kafin mu fara gangarowa ya sake raguwa, yana kai da kawowa a bakin abin da takarda ta yarda da shi. Muka yi gwajin farko, muka kai iyaka, babu komai sai fari, na koma sama yadda aka saba. Man da ya rage ya ba mu damar gwaji ɗaya tak. A na biyun muka sake kai iyaka. Mataimakina ya faɗi kalmar da ake faɗa, da Faransanci, kamar yadda littafin aiki ya tsara. Ni kuwa ta gefen tagata na hango wani abu baƙi-baƙi a ƙasa, duwatsun nan na Damagaram da na yi wasa a kansu ina yaro. Zuciyata ta ce mini na san garin nan kamar yunwar cikina, titin yana nan gaba kaɗan, ƙafa 100 kawai zan ƙara. Ban amsa masa ba, jirgi kuma ya ci gaba da sauka.

Sai na ji hannunsa a kan nawa, bisa sandunan wutar inji. Ya ce da Hausa, muryarsa tana rawa, "Kumandan, don Allah. Ba mu ga titi ba. Akwai mutane a bayanmu."

Na tura wuta, muka tashi. Abin duka bai wuce daƙiƙa uku ko huɗu ba. Daga baya, da na zauna da taswira, na gane cewa duwatsun da na gani ba inda na zace su suke ba.

A tarbiyyarmu yaro ba ya katse babba, balle ya kama masa hannu. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a ɗakin tuƙi ta sha kashe mutane, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. A 1977, a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, kuma cikin abin da bincike ya gano har da cewa na ƙasa da babban matuƙin sun yi shakka amma ba su iya tsayar da shi ba. Tun daga lokacin ake koya wa ƙananan matuƙa su yi magana, manya kuma su saurara. Na sha karanta wannan darasi ina ɗaukar kaina a matsayin yaron da zai yi magana. Ban taɓa kawo wa raina cewa ni ne babban da za a tsayar ba.

Muka koma Yamai. Da fasinjoji suke sauka wasu suka yi ta mita, wani alhaji ya ce mini kuɗinsa ya biya a kai shi Damagaram, ba yawon buɗe ido ba. Na ba shi haƙuri. Na shiga ofis na rubuta rahoto, na faɗi abin da ya faru daki-daki, har da kiran da Yaya ya yi mini da asuba. Sannan na ari motar wani abokina na kama hanya. Na wuce Doso kaɗan, la'asar ta yi, wayata ta yi ƙara. Yaya ya ce, "Sai haƙuri, Baba ya cika." Aka yi masa sutura kafin magariba, ina tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Na ratsa Maraɗi da Tasawa cikin dare, na isa gida ana kiran assalatu.

A zaman makoki Gwaggona, ƙanwar Baba, ta kira ni ɗaki. Ta ce sun ji ƙugin jirgi sau biyu a kan gari da hantsi, Baba ma ya ji, ya tambaya ko ni ne, aka ce masa ni ne. Da ƙarar ta yi nisa ba ta dawo ba, sai ya ce hazo ne, yaron ya kyauta. Ta ce shi ma a zamaninsa, in ƙura ta taso a hanyar Agadas, yakan kashe mota ya kwana a daji, fasinja suna zaginsa, yana ce musu da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ban iya gaya mata cewa yabon ba nawa ba ne. Sai bayan sadakar bakwai na faɗa wa Yaya gaskiyar abin da ya faru, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in kai wa yaron nan goro.

Kamfanin ya dakatar da ni wata guda, aka sake tura ni na'urar kwaikwayo kafin in koma aiki, kuma ban ga an zalunce ni ba. Yaron nan yanzu shi ma kumandan ne, a wani kamfani da ya fi namu girma. Ni ina nan a kan hanyoyina huɗu. Duk sabon mataimakin da aka haɗa ni da shi, kafin mu tayar da inji nakan ba shi wannan labari a taƙaice, in ce masa in ya ga na wuce iyaka kada ya tsaya neman lafazin da ya dace da babba, ya kama hannuna kawai. Wasu sukan yi dariyar kunya su sunkuyar da kai. Nakan jira har sai sun ɗago sun ce sun ji.

Har yau in muka doshi Damagaram da rani, sama ta yi garau, nakan hango Birni da fadar Sarki da maƙabartar da Baba yake kwance, in yi masa addu'a a zuci, sannan in mai da idona kan allon na'urori, domin a ƙasa da ƙafa 10,000 ba a yin wata magana sai ta aiki.