Daren da Kawu Ya Karanta Ƙashi

Kawu bai sayi dish don kallon dabbobi ba, ai a cikinsu yake wuni. Ya saya ne saboda Iya, kakarmu, ta riƙa ganin sallar tarawihi daga Makka in azumi ya kama. Sauran watannin shekara kuwa akwatin namu ne, mu yara, sai in ya dawo daga mayanka ya yi wanka ya zauna, kowa ya shiga taitayinsa.

Hunturun 2008 ne, ina aji biyar na sakandare a Katsina. An ɗauke wuta tun magariba, aka tada ɗan janareto a bayan ɗaki. Iya tana gefe da kaskon garwashinta, Malam mai makarantar allon unguwarmu, aminin Kawu tun suna yara, ya shigo hira bayan isha'i kamar kullum. Ina ta sauya tasha ina neman ƙwallo sai na faɗa kan wani fili na rairayi, ga Buzaye da rawunansu, ga wani Bature a durƙushe yana share ƙasa da ɗan burushi. Har na ɗaga hannu zan wuce.

"Tsaya nan, ɗan nan," in ji Kawu. "Wancan ƙashin baya ne."

Shi ke nan na zama tafinta. Turancina na lokacin bai taka kara ya karya ba, ina kama ɗaya biyu na wuce ni, amma na ji an ce Nijar, na ji an ce Tenere, na kuma ji kalmar da muka taɓa gani a littafin makaranta, dainaso. Iya ba ta karɓi wannan suna ba. "Maigidana, kada ka ruɗe mu da boko," ta ce, "ƙasusuwan Samudawa ne, tun muna yara muke jin labarinsu." Ƙanena ya ce dodo ne, ya matsa jikinta. Kawu bai ce komai ba, ya dai jawo kujerarsa kusa da akwatin.

Fawa gadonsa ce. Tun yana ɗan shekara goma yake riƙe wa mahaifinsa ƙafar sa ana fiɗa, bai taɓa zama a ajin boko ba. In ya shiga kara ya buɗe bakin dabba, ya ga ta famfara ko ba ta famfara ba, ya ga yadda haƙoran suka cinye, zai gaya maka shekarunta kafin dillali ya gama rantsuwa. Ni a lokacin ban ɗauki wannan a matsayin ilimi ba. Sana'a ce kawai, mai ƙarnin jini, wadda nake fatan karatu ya raba ni da ita.

Sai aka nuno ƙoƙon kan dabbar da suka sa wa suna Nigersaurus. Ban taɓa ganin baki irin wannan ba. Gabansa shimfiɗe yake, ya fi sauran kan faɗi, ƙananan haƙora sun jeru a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan kamar na matajin kai. Kafin Baturen ya kai ga bayani Kawu ya riga shi. "Wannan ba ya cin nama. Kiwo yake yi, kansa a ƙasa, yana sharar abin da ke gabansa. Kuma yana haɗawa da yashi, dubi yadda bakin haƙoran ya goge. Haka na tsofaffin shanun arewa suke." Ina cikin saurarensa sai na ji mai shirin yana faɗin abin nan da Turanci, har yana kwatanta dabbar da saniya. Na fassara, murya tana ɗan rawa. Malam ya dubi Kawu ya yi murmushi.

Bambancin, kamar yadda Kawu ya nuna mana da yatsa, shi ne saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, wannan kuwa sama da ƙasa duk haƙora ne. Sun haura 500, domin a bayan kowane ɗaya akwai wasu a jere cikin muƙamuƙi suna jiran ya faɗi su maye gurbinsa. Bayan wasu shekaru masana suka ƙididdige cewa kowane haƙori kwana 14 yake yi a sauya shi. Da Kawu ya ji akwai na jiran gado sai ya girgiza kai ya ce, "To wannan ya fi ƙarfin dillali. Ba ka sanin tsufansa ta baki."

Inda ya yi tsit kuwa shi ne da aka zo kan ƙashin bayan. Sun sa shi a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki irin ta asibiti, sai ga shi duk rami, bangonsa siriri, iska ta fi ƙashin yawa. Dabba mai tsawon mita 9, mai nauyin giwa, a ce wannan ne ke ɗauke da ita. Kawu ya daɗe yana kallo. Ya fasa ƙashin sa da na raƙumi ba adadi, ya san nauyinsu a hannu, ya san inda ɓargo yake kwanciya. Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ƙashin tsuntsu ne wannan." Haka ɗin ne. Jakunkunan iska da ke haɗe da huhu su ne ke kutsawa cikin ƙashin su rage masa nauyi, kamar yadda yake a jikin tsuntsaye har yau. Da na fassara cewa tsuntsaye ma daga wani reshe na waɗannan dabbobi suka fito, reshen masu tafiya da ƙafa biyu, Iya ta ajiye maficinta. "Kajin nawa?" Ta yi kamar ta ji haushi. Amma washegari na gan ta ta kama zakaranta tana duban ɓawon ƙafarsa da faratansa, ta daɗe kafin ta sake shi.

Sau ɗaya Kawu ya yi gardama da akwatin. An nuno wata dabbar, Ouranosaurus, mai dogayen ƙasusuwa tsaye a gadon baya, wasu sun fi rabin mita. Mai shirin ya ce masana sun rabu, wasu na ganin fata ce aka ɗaura a kansu kamar tanti, wasu na ganin tozo ne. Kawu ya ce a'a. "Na feɗe raƙuma da yawa. Tozon raƙumi kitse ne, ka yanke shi ka ɗauke, ba ƙashi ko ɗaya a cikinsa. In tozo ne wannan, to ba irin na raƙumi ba ne." Sannan ya yi mana bayanin da har yau nake tunawa: inda tsoka ta kama ƙashi da ƙarfi wurin yana da kaushi, wuƙa tana tsayawa a nan, inda ba ta kama ba kuwa sumul yake. "A ba ni in taɓa da hannuna," ya ce, "zan gaya muku ko nama ya zauna a kai." Daga baya na karanta cewa da irin wannan tabon ne masu binciken suke gane inda tsoka ta zauna a jikin dabbar da ba wanda ya taɓa gani da rai.

Malam shi lissafin ne ya tsaya masa. Shekara miliyan 110. "Wa ya ƙirga?" ya tambaye ni, kuma da gaske yake tambaya, ba don ya ƙure ni ba. Ban iya ba shi amsa ba a daren, ban san yadda ake karanta duwatsu hawa-hawa ba, balle yadda ake auna shekarunsu da sinadaran da ke rikiɗa a cikinsu. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce shekarun ya bar wa Allah saninsu, amma ƙashi ga shi a fili, kuma wanda ya halicci giwa wannan ba zai gagare shi ba.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Kawu, "ni ba shekarun suka dame ni ba. Ruwan ne. Garken dabba irin wannan, a ina yake sha?" Ya san hanyar Agadas, ya je sayen raƙuma, ya san yadda ake tattalin ruwan salka. Ga shi ana ce masa wannan rairayin da koguna ne da dazuzzuka, har da wani kada mai tsawon mita 9 ko fiye da aka tono a wurin. Wannan ne ya hana shi barci, in ji matarsa. Da na gaya masa daga baya cewa ko a ƙasar Sakkwato, wajen Goronyo, an tono ƙashin wata dabbar teku, sai ya ce, "Ashe ƙasa ma tana tsufa."

Da azahar washegari ya dawo da ƙunshi a takardar siminti. Ƙashin bayan sa ne guda ɗaya, an wanke shi tas, da ƙashin fiffiken zabo da ya karɓo wurin mai tukuba. Ya sare na zabon ya nuna mini ramin, ya ɗora mini na san a tafin hannu in ji nauyi, ya kama yatsana ya bi da shi kan wurin kaushin. Hannunsa duk tabon wuƙa. Wannan ne karo na farko da ya koya mini wani abu na sana'arsa ban nemi hanyar zillewa ba.

Na girma na bi labarin. Wurin sunansa Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas. Faransawa masu neman yuraniyom ne suka kai labarinsa Turai, Philippe Taquet ya fara zuwa a 1965, shi ya raɗa wa Ouranosaurus suna a 1976. Paul Sereno na Jami'ar Shikago da mutanensa suka sa wa Nigersaurus suna a 1999, suka fitar da cikakken bayanin kansa a 2007. Abin da yake sosa mini rai shi ne Buzaye sun san ƙasusuwan nan tun kafin kowa ya zo da burushi, mu kuma da ke maƙwabtaka da su sai da labarin ya ƙetare teku ya dawo mana da Turanci muka ji. Mahauta nawa ne tsakanin Katsina da Maraɗi da Damagaram masu ido irin na Kawu, waɗanda ba a taɓa nuna musu ko hoto ba?

Sai bayan rasuwarsa na samu zuwa Yamai. Na shiga gidan tarihi na Boubou Hama, na tambayi inda ƙasusuwan suke, aka nuna mini. Ga Ouranosaurus a tsaye, ƙasusuwan gadon bayan sun miƙe sama, masu faɗi, fiye da yadda na zata daga akwatin. Na zagaya ta wannan gefe, na zagaya ta wancan, ina neman kaushin da ido. Yara 'yan makaranta suka shigo da malamarsu suka fita, ina nan tsaye. Ban kai hannu ba. Ko da an ce in taɓa, yatsuna ba su san abin da za su ji ba.