Likkafar Gajere

Masu iya magana kan ce gajere ba yaro ba ne. Zancen gaskiya ne, sai dai ina kyautata zaton wanda ya fara faɗarsa bai taɓa tsayawa a bayan motar ƙauye ranar kasuwa ba, yana ɗaga kai yana duban bakin bodi kamar mai neman jinjirin watan Sallah. Ni dai Allah bai ba ni tsawo ba, kuma na daɗe da rungumar ƙaddarata. A wuri ɗaya kurum gajarta kan tuna mini da kanta, wato wurin hawa mota mai tudu. Tun da yake mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ina ganin ina da hurumin cewa wani abu game da wannan 'yar matsala, wadda dogaye ba su ma san da ita ba.

Kakanninmu sun hau abubuwa masu tsawo, amma ba su bar mahayi da dabararsa shi kaɗai ba. Doki yana da likkafa, in kuwa basarake ne zai hau, ga zagi nan ya riƙe masa ita har ya daidaita a kan sirdi. Saboda darajar wannan ɗan ƙarfe ne ma, idan mutum ya sami ɗaukaka mukan ce likkafarsa ta yi gaba. Raƙumi kuwa, duk da tsawonsa, durƙusawa yake yi har ƙasa, yaro da tsohuwa su hau cikin natsuwa, sannan ya miƙe da su. Mota ce ta zo mana ba likkafa, ba ta kuma iya durƙuso ba.

A ƙasar Kwali na fi ganin wannan al'amari. Garin yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Lokoja, gaba da Gwagwalada, kuma tun 1996 ya zama hedkwatar ƙaramar hukuma, ɗaya daga cikin shida da ke Babban Birnin Tarayya. Wanda ya wuce a kan kwalta zai ɗauka ko'ina haka yake. Amma da ka saki titi ka nufi ƙauyukan da ke lungunan Yebu ko Ashara ko Gumbo, za ka tarar da hanyoyin da damina kan mayar da su kwazazzabai, ga rafuffuka sun ratsa su. Can ne kuma ake noma doya da rogo da dawa da ake jibgewa a kasuwa. Ƙaramar mota in ta kuskura ta shiga, cikinta ne zai daki dutse, tukunyar baƙin mai ta fashe, a kwana a daji. Don haka sai masu dogayen ƙafafu: Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948 domin manoma, da Toyota Hilux ta Japan wadda ta fito a 1968, da kuma a-kori-kura ƙirar Peugeot, irin waɗanda suka cika ƙasar nan bayan buɗe masana'antar harhaɗa su a Kaduna a 1975. Tsawon da suka zo da shi ma bai ishi direbobi ba. Sai a kai wa makaniki ya ƙara ganyen sifirin a baya, a sa manyan tayoyi, don kada lodin doya ya danne ta. Dabara ce mai kyau ga mota, sai dai duk taƙin da ta ƙaru da shi, gwiwar fasinja ce ke biyan kuɗinsa.

To, su wa ke biya? Saurayi mai wando ba ruwansa, taya zai taka ya yi tsalle ya faɗa ciki yana fito. Masu biya su ne tsofaffi da yara da irina, fiye da kowa kuma mata. Ka dubi macen Gbagyi, wadda ke ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka, ta ratso daji tun asuba da doya ko tukwane. 'Yar'uwar Ladi Kwali ce a sana'a, maginar tukwanen nan da hotonta ke bayan takardar naira 20. Babu mai cewa ƙarfi ta rasa. Amma ga ta a bayan mota ta yi cirko-cirko, domin zani ba ya barin a ɗaga ƙafa har ƙugu ba tare da an keta haddin kunya ba, ga kuma goyo a baya. Abin da aka saba shi ne yaron mota ya cafki wuyan hannunta ya fizga daga sama, wani ƙato ya tura ta daga ƙasa, 'yan zaman tasha kuma su sami abin dariya. Na san matan aure da suka gwammace su taka sayyada su koma gida da a yi musu haka a bainar jama'a. Na kuma san mai juna biyu da ta daina zuwa awo, ba don rashin kuɗin mota ba, sai don tsoron wannan hawa da saukar. Ashe taƙi uku na tsawon bodi na iya shiga tsakanin mace da asibiti.

A shekarun da na yi ina koyarwa a wata makarantar ƙauye a yankin, akwai wani dattijon direba da kowa ke kira Baba, mai wata tsohuwar Land Rover da fenti ya daɗe da yin ƙaura daga jikinta. Abin da ya bambanta motarsa shi ne wani tsohon turmi da ya tsage, matarsa ta daina daka a ciki, shi kuwa ya ɗaure shi da igiya a bayan bodi. Duk inda ya tsaya, kafin a karɓi ko kwabo, yaronsa zai kashe wuri ya kife turmin, ya sa wa taya weji, sannan ya saki wata igiya mai ƙulle-ƙulle da ke rataye daga sama domin kamawa. In da hali, Baba kan juya motar har tayoyin baya su faɗa ɗan kwari, ko bayanta ya dafi wani tudu, nan take tsawon ya ragu da rabi.

Yana da ƙa'idoji da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Kaya ke fara hawa, don hannayen mutum biyu su zama nasa. Goyo a sauke shi a miƙa wa wata da ta riga ta hau. Mace ita ke kama mace, in babu, yaron mota ya tsaya a gefe ya kawar da kai, ya ce, "Iya, ga kafaɗata, ki dafa." Ba a ɗaga yaro ta hannu, sai ta hammata, domin gwiwar hannun ƙaramin yaro ba ta da wuyar gocewa. Ba a kama ƙofa wajen hawa, don ƙofa ba ta da amana, lilo take yi. Wurin sauka kuwa da baya ake saukowa, fuska na kallon mota, kamar mai sauka daga rumbu. Ran nan na tambaye shi inda ya koyi wannan tsari. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, a kara na koya. Na ga an tara ƙasa an yi wa shanu tudun da za su taka su shiga tirela, don kada sa ya karye mai shi ya yi asara. Na ce ashe sa ya sami matakala, uwar wani ba ta samu ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. Taimako iri biyu ne a bayan mota. Akwai wanda za a ciccibe ka a jefa, ka isa inda za ka, amma ka isa a matsayin buhu. Akwai kuma wanda za a ajiye maka abin takawa a ja da baya, ka hau da ƙafarka, ka gyara zama, ka gai da na kusa da kai ba tare da sunkuyar da kai ba. Na farkon ya fi sauri, kuma sau da yawa mai yin sa da zuciya ɗaya yake yi. Amma na lura tsofaffin da suka taka turmin Baba sukan shiga suna raha, waɗanda aka fizga kuwa sukan yi shiru har a kai gari. Mutum na iya manta wanda ya kai shi kasuwa, da wuya ya manta wanda ya sa aka yi masa dariya a hanya.

Masu ƙera motoci sun san da wannan. Manyan jif-jif da ke yawo a Maitama da Asokoro suna da matakala a gefe da mariƙi a saman ƙofa, wasu ma matakalar da kanta take leƙowa da an buɗe ƙofa. A biranen Turai akwai motocin safa da kan saki iska su russuna a tasha domin tsofaffi da guragu, wato dai sun komo ga darasin raƙumi. Mu a nan ba mu bukatar ko ɗaya daga cikin wannan tsada. Duk mai walda a Kwali ko Gwagwalada zai iya lanƙwasa guntun rodi ya manna matakala mai hawa biyu kafin a yi sallar la'asar, kuma da shugabannin tasha za su ce ba motar da za ta yi lodi sai da ita, da an gama. Gyaran hanya shi ne babban magani, wannan kuwa yana hannun hukuma. Kafin ranar ta zo, babu gidan da ya rasa tsohon turmi.

Allah ya jiƙan direbobin da suka san cewa fasinja mutum ne tun yana ƙasa, ya kuma sauke mu lafiya.