Wayin ɗin fikinik da ranar Wudil

1/ Zare ne, kuma zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Maganar abin sha ce a fikinik, musamman kwalbar nan mai dogon wuya da takardar gwal a baki, wadda muke kira "wayin". Yanzu ko bazde ne, ko kamu, ko 'yan aji sun fita shan iska, in ba ta a tsakiyar tabarma sai a ga kamar taro bai cika ba.

2/ Abin da ya tayar da zancen: mu 23 'yan ajinmu a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil muka yi karo-karo, za mu je lambun mangwaron kakana a Lajawa ranar Asabar. Tunda garinmu ne, ni aka ɗora wa abin sha. Kwana biyu ke nan guruf bai huta ba. Wasu sun ce katan guda na wayin, wasu sun ce su ko kusa da kwalbar ba za su zauna ba.

3/ Mu fara da gaskiyar abin. Irin su Eva, Veleta, Pure Heaven da Chamdor da muke gani a shagunan Kano, a matsayin abin sha marar barasa ake sayar da su. Amma a kasuwar duniya, abin da ake kira wayin marar barasa kala biyu ne, kuma ba hanya ɗaya suka biyo ba.

4/ Kala na farko ruwan inabi ne zalla, ko na tuffa, aka dafa shi don kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsima, aka ɗura masa gas. Bai taɓa zama giya ba. Dabarar ma tsohuwa ce: a 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya dafa ruwan inabi don cocinsu ya samu abin sha marar sa maye. Wato ba mu kaɗai ne muka taɓa neman inabi ba tare da giya ba.

5/ Kala na biyu shi ne wurin lura. Giyar inabi ce ta sosai aka fara yi: yis ya cinye sukarin, ya mayar da shi barasa, yawanci kashi 11 zuwa 14 cikin 100. Daga baya sai a cire barasar da injin da ke turara ta a zafi kaɗan, ko a tace. Wani Bajamushe mai suna Carl Jung ya yi rajistar wannan hanyar tun 1908. Ba shi ne masanin halayyar ɗan Adam ɗin nan ba, suna ne ya zo ɗaya.

6/ Shi wannan na biyun ba lallai ne ya koma sifili ba. A dokar Tarayyar Turai, in ragowar barasar ba ta wuce kashi 0.5 ba, za a iya rubuta masa "de-alcoholised". A Amurka ma ƙasa da 0.5 ana kiran sa "non-alcoholic". To ka ga kalmar da ke gaban kwalba da manyan baƙaƙe ba ta isa ba. Juya bayanta. Duba abin da aka haɗa: ruwan inabi ne ko giyar da aka cire wa barasa? An rubuta 0.0%? Akwai lambar NAFDAC? Yaushe zai lalace?

7/ Kuma don Allah kar ka aiki ƙaninka da "ka ce a ba ka wayin". Kwalaben kamarsu ɗaya da masu barasar, a wasu manyan shaguna na wajen Kano ma kanta ɗaya suke. Je da kanka, ka karanta da idonka.

8/ Ni ba malami ba ne, fatawa kuma ba aikin zare ba ce. Abin da ke bayyane dai shi ne ruwan inabin da bai taɓa tsima ba, lemo ne kamar kowane lemo. Wanda ya fara zama giya aka cire, malamai sun yi saɓani a kai. Akwai kuma masu ƙyamar siffar kanta: a girgiza kwalba, murfi ya yi tsalle, a ɗaga kofuna a haɗa. Suna ganin kwaikwayon zaman mashaya ne. Ko ba ka yarda da su ba, kuɗinsu na cikin karo-karon nan, ba daidai ba ne a saya musu abin da zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba.

9/ Sannan akwai abin da 'yan cikin birni ba sa ganewa. Lajawa ba Nassarawa GRA ba ce. Kowa ya san jikan wane ne ni. Dattijon da zai wuce ta gefen lambu da jakinsa ba zai tsaya karanta 0.0% ba. Abin da zai gani: samari da 'yan mata, kwalba mai kumfa, ihu. A jihar da ake aiki da Shari'a tun shekarar 2000, inda mutane suka saba ganin Hisbah tana fasa kwalaben giya a labarai, siffar kwalba kaɗai labari ce. Ku za ku hau mota ku koma hostal. Ni ne zan zauna gaban Alhaji da daddare ina bayanin Thomas Welch 😭

10/ Mu ajiye wannan, mu zo kan lissafi. Kwalba ɗaya santilita 75 ce, kofi biyar ko shida in an yi tsantseni. Mu 23, kwalba huɗu kafin kowa ya jiƙa maƙoshi sau ɗaya. Ga zaƙi kamar me, kana gama sha ƙishirwa ta dawo. Kuɗin kwalba huɗun nan zai haɗa zoɓon da za mu sha har mu bar saura.

11/ Kuma abu mai gas ba ya shiri da zafi. In kwalbar ta ɗumama, ga girgizar hanya, kana buɗewa rabi ya tafi a kumfa, murfin kuma yana iya samun idon mutum. Kar kuma a ce za a daskarar da ita a firiza, kwalba ce, fashewa za ta yi.

12/ Zafin shi ne ainihin alƙali. A watan Maris da Afrilu nan yankin ana kai digiri 40. Ƙa'idar masana tsaftar abinci: abin da ke saurin lalacewa kar ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Da wannan nake auna komai.

13/ Kunun aya: ina son sa har raina, da dabino da kwakwa. Amma shi ne ya fi kowa ragwanta. Bar shi a rana daga hantsi zuwa azahar, gorar ta kumbura, kana buɗewa ta yi "fuss". Wannan ƙarar tsimuwa ce ta fara, aikin yis ɗin da muka yi magana a sama. Abin dariya, mai gudun kwalbar wayin yana iya rungumar gorar kunun da ta fi ta kama hanya. A hadisi ma ya zo cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha, amma ba a barin jiƙon ya wuce kwana uku. Kunun aya a ranar Wudil ko yini ba ya kaiwa. In za a zo da shi, a shanye shi da isowa.

14/ Fura da nono: ba a ɗauko ta daga nesa. A saya a kusa, a dama a wurin da ruwa mai tsafta, a sha nan take. Sai dai ku sani, bayan ita babu wasa, barci ne.

15/ Zoɓo shi ne gwanina, kuma ba don arha kawai ba. Tsaminsa yana sa ya fi su kunu jure zama, duk da shi ma sanyi yake so. Kuma wannan tsamin ne ke wanke maiƙo daga baki. Masu giyar inabi a Turai da suke ta dogon Turanci kan wace ta dace da wane nama, abin da suke nema ke nan: ɗan tsami da ɗan bauri da zai yanke kitse. Balangu mai mai, ko soyayyen kifin Wudil da yaji, ka bi shi da zoɓo mai citta da kanumfari, sukari kaɗan. Gwada ka ba ni labari.

16/ Wani abin haushi: zoɓon da muke rainawa, daga Kano da Jigawa ake loda shi a kwantena zuwa Meziko, su dafa su kira shi "agua de jamaica". A Masar karkade ne, a Senegal bisap, a Ghana sobolo. Mu kuma sai an zuba mana ruwan inabi a kwalbar waje muke jin mun waye. Sai dai mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su yi hankali da yawan sa, don yana sauke jini.

17/ Yadda na tsara: daren Juma'a za a dafa zoɓo da jiƙon tsamiya, a ɗura a gorunan roba, a bar ɗan fili a sama don ruwa na kumbura in ya daskare. A kai wa mai ƙanƙara su kwana a firiza, tunda wutar NEPA ba abin dogaro ba ce. Da safe gorunan su ne ƙanƙarar kular, suna narkewa muna sha. Kula a inuwa, a rufa mata jiƙaƙƙen buhu. Fiya wata jaka uku, don a ƙarshe ruwa kowa zai nema.

18/ Wayin kuwa, mun tsaya a kwalba ɗaya, ta ruwan inabi zalla, na karanta bayanta da kaina. Masu son hoto za su ɗauka a cikin mota kafin mu shiga gari. In mun isa lambu a jug za a juye ta, kwalbar ta koma but.

19/ Saura kula babba. Wanda yake da ita a Wudil ya taɓa ni ta DM kafin Juma'a, zan dawo da ita a wanke, har da mangwaro a ciki.