SHAWARAR DA MUKA YI A KAN SABON INJIN YANKAN CIYAWA

Jama'a, waɗanda suka san mu a nan garin Kolambas na jihar Ohayo sun san sana'ar da mu ke ci da ita. Mu tara ne, dukanmu 'yan zango, waɗansu daga Kumasi, waɗansu daga Nima, ɗaya daga Tamale, aikinmu kuwa yankan ciyawa a gidajen mutane da harabar ma'aikatu. Sa'ad da mu ke yara, in malami ya so ya hore mu sai ya miƙa mana langalanga ya nuna mana filin makaranta. Ashe abin da a ke yi mana horo da shi, shi zai ciyad da mu a Amurka. Mun kafa wannan aiki cikin shekarar 2016 da kuɗin adashi, kowa ya zuba nasa, ba mu ci bashin banki ba. To, 'yan'uwa da dama sun tambaye mu labarin sabon injin da suka gani bisa tirelarmu, wanda ba su taɓa jin sunansa ba, waɗansu ma suna sha'awar shiga sana'ar. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta yadda abin ya kasance.

Da farko bari mu bayyana irin injin, domin wanda bai sani ba. Hawansa a ke yi, amma ba shi da sitiyari. Sanduna biyu ke gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace tana sarrafa famfon mai wanda ke juya tayar baya ta gefenta. In ka tura su gaba tare sai ya miƙe. In ka tura ɗaya ka ja ɗaya, sai ya juya a inda ya ke tsaye, ba ya bukatar fili. Tayoyin gaba kuwa ƙanana ne, suna bin duk inda na baya suka nufa. Saboda haka ya kan kewaye itace da gadon furanni bai bar tsiri ba, aikin da zai ci wa ƙaramar tarakta awa guda shi ya kan gama tun da sauran lokaci. Kamfanin Excel na garin Hesston a jihar Kansas shi ya fito da irin wannan mai sanduna biyu kasuwa cikin 1964, da sunan Hustler. Yanzu kusan duk mai yankan ciyawa don neman abinci a ƙasar nan da irinsa ya ke aiki.

Ciyawar wannan yanki tana tashi daga watan Afrilu, ta kwanta wajen ƙarshen Oktoba. Cikin watanni bakwai ɗin nan mu ke neman abin da za mu ci shekara, da na aike gida. A watan Mayu kuwa ciyawa ba ta jiran kowa: in ka tsallake mako guda, ka tarad da ita ta fi ƙarfin yanka ɗaya, maigida kuma ya riga ya kira wani. A ƙarshen damun yanka na 2023 babban injinmu, wanda agogonsa ya haye awa 2,000, ya fara ja gefe guda, famfon hagu ya gaji. Muka lallaɓa shi har muka rufe shekara. Da sanyi ya shigo muka zauna a ɗakin taron ƙungiya, ma'ajinmu ya buɗe littafi, muka ga abin da ke cikin asusu zai sayi inji ɗaya tak. In muka yi kuskure, babu na biyu.

Sunayen da kowa ya sani a wannan sana'a ba su da yawa: Exmark, Scag, Toro, Hustler, John Deere, Kubota da 'yan kaɗan. Mai faɗin inci 60 daga cikinsu, irin na 'yan kasuwa, ya kan haye dala dubu goma. Ana nan sai ƙaraminmu ya zo da takardar talla ta wani sabon kamfani, wanda wani dila a bayan gari ya fara kawowa. Faɗi ɗaya, ƙarfin inji ɗaya, amma kuɗinsa ya gaza na waɗancan da wajen dala dubu uku. Nan take muka rabu biyu. Samari suka ce dala dubu uku ba wasa ba ce, za ta saya mana tirela mai rufi. Manya suka ce araha ba ta ado, da tsohuwar zuma a ke magani. Gardama ta yi tsawo har shayi ya huce, aka tashi ba a yanke kome ba.

Muna da sa'a guda, watau cikinmu akwai wanda ya koyi aikin fita a Magazin ta Suwame a Kumasi, inda a ke kwance mota har ƙusarta ta ƙarshe a mai da ita. Shi ya ce a daina musu da takarda, gani ya kori ji. Muka tafi mu huɗu wurin dilan. Mu muna kallon fenti da kujera mai taushi, shi kuwa ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila. Ya daɗe kafin ya fito.

Ga abin da ya koya mana, mun rubuta shi domin amfanin kowa. Ya ce yawancin kamfanonin nan ba su ke ƙera zuciyar injin ba, sayowa su ke yi daga Kawasaki, ko Kohler, ko Briggs & Stratton, famfunan tayoyin kuma sau da yawa na Hydro-Gear ne ko na Parker. Abin da kamfani ke yi da hannunsa shi ne gangar jiki, da kaskon da wuƙaƙe ke juyawa a ciki, da sandunan da ke riƙe wuƙaƙen. Wannan sabon kuwa injinsa Kawasaki ne, famfunansa Hydro-Gear, irin waɗanda a ke iya zuba musu sabon mai a sake matata, ba irin rufaffun nan na injin gida ba. Sa'an nan ya ƙwanƙwasa kaskon, ya ce na walda ne, ba wanda aka danna da falle ɗaya ba, ƙarfensa lamba 7. Ya ce mu lura, a awon kaurin ƙarfe ƙaramar lamba ita ce mai kauri, lamba 7 ta fi lamba 10. Ya girgiza wuƙaƙen ya ji ko boris yana da wasa, ya bi waldar da yatsa, ya ƙirga wuraren zuba giris, ya duba ƙarfen nan mai kama da baka da ke bayan kujera, wanda ke tsare direba in inji ya kife. Ya tuna mana cewa irin wannan inji ba ya son gangare, domin tayoyin gaba ba su riƙe ƙasa, masu ƙera shi da kansu sun ce kada a hau tudun da ya wuce digiri 15, balle in ciyawa ta jiƙe. Daga ƙarshe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ni dai ban ga aibi a jikinsa ba."

Samari suka fara murna. Amma ma'ajinmu bai ce kome ba, sai ya nufi teburin da a ke sayar da kayan gyara, ya ce a ba shi bel ɗin kasko ɗaya, da sandar wuƙa ɗaya, da wuƙaƙe uku na wannan inji. Yaron kanti ya duba kwamfuta, ya shiga ciki, ya fito da wuƙaƙe kaɗai. Sauran sai an aiko, mako guda ko kwana goma. Ma'aji ya juyo ya dube mu. Kowa ya gane. Muna yanka gida goma sha biyu zuwa sha biyar a yini da babban inji. Kwana goma a watan Mayu ba inji, dala dubu ukun nan ta tafi, har da rabin mutanen da muka yi shekara bakwai muna tarawa. Muka karanta takardar garanti kuma, muka ga an rubuta shekaru kaza ko awa kaza, duk wanda ya riga cika. Mai gida ɗaya ya kan yi shekaru bai cika awoyin ba, mu kuwa da damun yanka ɗaya ko biyu mun cinye su. Kuma garanti ba ya yanka ciyawa ranar da inji ke kwance.

Muka koma ɗakin taro da niyyar mu bar maganar sabon kamfani. Sai dattijonmu, wanda tun farko ba ya cikin kowane ɓangare, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Yarana, ina da tambaya. A 2016, wa ya san sunanmu a garin nan?" Muka yi shiru. Ya ce, "Kun tuna tsohuwar nan da ta fara ba mu aiki? Ba ta san mu ba, ba ta san ƙasarmu ba, Turancinmu ma da ƙyar ta ke ji. Ba ta kore mu ba, ba ta kuwa miƙa mana gidan duka ba. Bayan gida ta ba mu, ta tsaya a taga tana kallo, sai da muka yi mako uku kana ta ba mu gaba. Exmark ɗin nan da ku ke yabo, a 1982 aka kafa shi a jihar Nebraska, Scag a 1983 a Wiskonsin. Su ma akwai ranar da ba wanda ya san su."

Ƙaraminmu ya ce, "To Baba, ai inji ba a sayen rabinsa." Dattijo ya ce, "Gaskiyarka. Amma a kan sa wa baƙo sharaɗi."

Da wannan muka koma wurin dila da sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ya ba mu injin gwaji mu yi aiki da shi kwana uku a farkon Afrilu, a kan ciyawa mai raɓa, a gidajen da muka fi sanin wuyarsu. Na biyu, kafin mu biya ko sisi, ya kawo bel biyu, da sandar wuƙa biyu, da wuƙaƙe shida, mu saya mu ajiye a motarmu. Na uku, ya rubuta ya sa hannu cewa in injin ya kwana biyu a shagonsa, zai ba mu aron wani. Ya yi ta jan jiki a kan na ukun, mu kuwa muka miƙe za mu tafi. Da ya ke shi ma neman suna ya ke yi, ya kira mu ya sa hannu. Rarar kuɗin da samari suka so su sayi tirela da ita, muka sa ta a gyaran famfon tsohon injinmu, domin ya zama majingina. Samari ba su ji daɗi ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Muka saye shi cikin Afrilu na 2024. Ba za mu ɓoye muku ba, a mako na shida bel ɗin kasko ya tsinke da tsakar rana a harabar wani ofis, wani ƙarfen da ke danne shi ya karkace tun daga masana'anta. Da ba mu yi tanadi ba, da ranar mun yi kuka. Amma bel yana cikin mota, fitanmu ya sa shi cikin rabin awa, washegari dila ya sake ƙarfen bai karɓi kome ba. Tun daga nan yana aiki, yankansa yana da kyau, sai dai a ciyawa mai jiƙa ya kan tara dunƙule fiye da tsohon namu. Ba mu ce muku ya fi na sauran kamfanoni ba, domin inji sai ya haye awa dubu kana a san halinsa na gaskiya. Shi ya sa ma ba mu ambaci sunansa a nan ba, kada wani ya saya da bakinmu.

Ɗan'uwa mai son shiga wannan sana'a, in ka ga sabon suna da araha, kada ka gudu, kada kuma ka yi gaggawa. Tafi da wanda ya san ƙarfe ya duba maka ƙarƙashi. Sa'an nan ka je teburin kayan gyara ka nemi bel, ka ga ko za a miƙo maka shi a hannu. Ka auna nisan shagon daga inda ka ke aiki. In kuɗin na jama'a ne kamar namu, kada ka biya sai kowa ya ji ya gani. Wanda ke son ya ga injin da idonsa, muna wanke shi kowace Asabar da la'asar a bayan ɗakin taro, ya zo ya hau ya gwada. Haza wassalam.