Kocin da Yake Riƙe da Manjagara

Yau za mu ɗauki darasinmu daga wani wasa da yawancinmu ba mu taɓa bugawa ba, wato besbol, wanda Amurkawa suke ji da shi ƙwarai. Mutum ɗaya yakan jefo ƙwallo, wani ya doke ta da sanda, sa'an nan ya zaga tashoshi huɗu a guje kafin abokan karawa su tsinto ta su riga shi. Ƙwallon ba ta wuce cikin tafin hannu ba, nauyinta wajen giram 145 ne, amma tana da tauri kamar dutse, kuma gwanin jifa yakan sake ta da gudun kilomita 145 a awa ɗaya.

A Amurka, jami'o'i da kwalejoji suna da ƙungiyoyinsu, kuma hukumar NCAA ta kasa su rukuni uku. A rukuni na farko, ƙungiyoyi 64 ne suke shiga gasar ƙarshen kaka, a tace su har su koma takwas, su kuwa su hallara a birnin Omaha na jihar Nebaraska a watan Yuni, inda ake yin wasan ƙarshe tun shekarar 1950. Wannan shi ne abin da talabijin take nunawa. Amma yawancin masu horar da ɗalibai ba sa taɓa kai ƙungiya Omaha. Suna aiki ne a ƙananan makarantu, kuma a rukuni na uku ba a ma ba ɗalibi tallafin karatu don ya iya wasa. A makarantu da yawa irin waɗannan babu ma'aikacin da aka keɓe wa fili. Koci ne da mataimakansa da 'yan wasansa suke gyara shi da hannunsu. Mutumin da zai tsaya da yamma yana ba da umarni, shi ne da safe yake tura baro, yana jan manjagara.

Bari mu duba abin da aikin ya ƙunsa. Tsakanin kowace tasha da mai bi mata ƙafa 90 ne. Tudun da mai jifa yake tsayawa a kai, tsayinsa inci 10, kuma daga can zuwa wurin mai duka ƙafa 60 da inci 6. Ba a ƙari, ba a ragi. Wurin da 'yan wasan ciki suke tsayawa babu ciyawa, ƙasa ce da aka haɗa daga yashi da laka da yumɓu. In ta bushe sai ta yi tauri ta tsage, in ta sha ruwa da yawa sai ta zama taɓo, saboda haka kullum sai an yayyafa mata ruwa daidai gwargwado, an ja mata wani ƙarfe mai kama da raga don ta kwanta. Mai jifa yana haƙa rami da takalminsa a wuri ɗaya har wasa ya tashi. Bayan kowa ya watse, sai a share ramin, a jiƙa shi, a cika shi da sabon yumɓu, a daɓe kamar yadda iyayenmu mata suke daɓe tsakar ɗaki, a rufe da tamfol. Gobe kuma a sake. In hadari ya taso, kowa ya yar da abin da yake hannunsa a ruga a ja babban tamfol a rufe fili.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin ƙwallon da aka doka tana bin ƙasa da gudu, ɗan wasa kuma yana sunkuye yana jiranta, fuskarsa kusa da ƙasa. Tsakuwa ɗaya ta isa ta sa ƙwallon ta yi tsalle ta same shi a baki ko a ido. Akwai kuma wurin da ƙasa ta haɗu da ciyawa: iska da ruwa suna tura ƙura a hankali ta taru a gindin ciyawar, har ta zama ɗan tudu da ido ba ya saurin gani. Ba a rana ɗaya yake taruwa ba, amma rana ɗaya yake fasa wa yaro haƙori. Kocin da ya sa tsintsiya ya share bakin ciyawar nan, babu wanda zai tafa masa, gama raunin da bai faru ba, ba a ba da labarinsa.

Ko manyan masu horarwa ma, yawancin rayuwarsu irin wannan maimaici ne. John Scolinos ya horar da ɗalibai a Jami'ar Pepperdine daga 1946 zuwa 1960, sa'an nan a Cal Poly Pomona ta jihar Kalifoniya daga 1962 zuwa 1991. Ya ci kofin ƙasa na rukuni na biyu sau uku, a 1976 da 1980 da 1983, kuma filin makarantar yana ɗauke da sunansa yau. Mu yi lissafi: shekara fiye da 40 a bakin aiki, kofi uku. Sauran shekarun fa? Atisaye ne, da tafiye-tafiye a bas, da samarin da suka zo suka yi shekara huɗu suka tafi, kusan dukansu zuwa wasu sana'o'i dabam. Wanda ya shiga irin wannan aiki don ranar ɗaga kofi kaɗai, ba zai daɗe ba.

Littafi Mai Tsarki ya san darajar irin wannan aiki tun daga farkonsa. A Farawa 2:15, aikin farko da Allah ya danƙa wa Adamu shi ne kula da gona, tun kafin zunubi ya shigo. Kalmomi biyu na Ibrananci da aka yi amfani da su a can, ɗaya tana nufin yin aiki ko hidima, ɗaya kuma tsarewa. Su ne kuma aka haɗa a Littafin Ƙidaya sura 3 wajen bayyana aikin Lawiyawa a alfarwa ta sujada. Ashe a wurin Allah, mai fartanya da mai hidimar wuri mai tsarki kalma ɗaya ta ɗauke su. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, abin da ya so ya raba ikkilisiya ta fari rabon abinci ne, da aka riƙa manta da waɗansu gwauraye. Ƙaramin tudu ne a bakin ciyawa, amma gunaguni ya riga ya tashi. Manzanni ba su ce a ba kowane ne aikin ba. Suka nemi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, cikinsu har da Istifanas da Filibus.

To, mu dubi zumuntarmu. In aka ce ana neman mai jan waƙa ko mai riƙe makirfo ranar Makon Matasa, hannuwa sukan yi yawa. In aka ce a zo ranar Asabar da yamma a share majami'a, a jera benci, a duba man janareta, a wanke bayan gida, mutum nawa ne suke zuwa? Fuskokin nan huɗu ko biyar ne kullum, har mun daina ganinsu. Akwai kuma gyaran fili da ba na tsintsiya ba. Ɗan'uwan da ya yi Lahadi uku bai zo ba, wa ya kira shi? 'Yar'uwar da aka yi wa baƙar magana a wurin koyon waƙa, ta yi shiru ta koma gida, wa ya bi ta? Ƙananan abubuwan nan suna taruwa a hankali. Ranar da muka ji labarin wani ya bar ikkilisiya ko ya faɗa cikin shaye-shaye, mukan ce abin ya zo ba zato. Sau da yawa ƙurar ta daɗe tana taruwa a gabanmu.

Akwai abu ɗaya kuma a filin besbol da ya kamata shugabanninmu su lura da shi. A can ƙarshen fili, gab da katanga, ana cire ciyawa a shimfiɗa wata doguwar hanya ta jar ƙasa ko niƙaƙƙen bulo. Ɗan wasan da yake bin ƙwallo a guje, idonsa yana sama, ba ya ganin katanga. Amma da zarar ƙafarsa ta bar ciyawa ta taka wannan ƙasa, sai ya san katanga ta kusa, ya rage gudu. Wani ne ya shimfiɗa masa wannan gargaɗi tun kafin ya shigo fili. Matasa da yawa suna gudu haka, idonsu a kan aiki ko aure ko kuɗi. Shugaban zumunta na gari yakan koyar da Maganar Allah a ranakun da babu wata damuwa, domin ran da gudu ya yi tsanani, ƙafa ta ji canji kafin goshi ya ji katanga.

Ubangijinmu da kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, kamar yadda Yahaya sura 13 ta ba mu labari, ya kuma umarce su su yi wa juna haka. Saboda haka ga abin da za mu yi wannan mako. Kowannenmu ya zaɓi aiki ɗaya a ikkilisiya wanda ba a sanar da sunan mai yinsa, ya yi shi har wata uku ba fashi. Shugabanni su fara. Mu kuma nemi waɗanda suka daɗe suna yi, mu gode musu baki da baki.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da kake ganin abin da aka yi a ɓoye, ka ba mu zuciyar da take murna da aikin da ba a tafa masa. Ka buɗe idanunmu mu ga tsakuwar da take kan hanyar 'yan'uwanmu, ka ba mu tawali'u mu sunkuya mu ɗauke ta. Cikin sunan Yesu. Amin.