Limamai masu akwati a hannu

Ma'aikacin da ya taɓa karɓar takardar canjin wurin aiki ana tsakar damina, ya ɗaure kaya ya bar garin da ya saba da shi, shi ne zai fi saurin gane rayuwar waɗannan mutane. Limamai ne na Katolika, irin waɗanda ake kira mompera, amma masu riƙo da tsohuwar ibada. Ƙungiyarsu mafi girma ita ce Fraternité Saint-Pie X, wadda Monsenyer Marcel Lefebvre ya kafa a ƙasar Suwis a 1970. Shi kuwa ba baƙo ba ne a Afirka. Ya yi aikin mishan a Gabon daga 1932 zuwa 1945, ya riƙe Dakar, kuma daga 1948 zuwa 1959 shi ne wakilin Fafaroma a ƙasashen Afirka da ke hannun Faransa, har da Nijar.

Bayan babban taron Vatikan na biyu, Fafaroma Paul na shida ya fito da sabon tsarin Mes, wato babbar ibadar Katolika, a 1969. Lefebvre ya ce shi dai yana nan kan littafin 1962 da harshen Latin. Da rigima ta yi tsanani, aka rufe wa limamansa ƙofofin majami'u, mabiyansa kuwa ga su warwatse, tsiraru nan tsiraru can, suna taruwa a zauren haya, ko ɗakin otel, ko garejin wani mai hali.

To, yaya za a raba limamai kaɗan ga jama'ar da ta watsu haka? Abin da ya fi sauƙi shi ne a ba kowane gari limami guda. Lefebvre ya ƙi. A ganinsa, limamin da ke zaune shi kaɗai, ba mai tashinsa addu'ar asuba, ba mai ce masa ya yi kuskure, himmarsa takan huce kamar garwashin da aka ware daga murhu. Sai ya shimfiɗa ƙa'ida: su zauna tare a gida ɗaya, galibi uku ko fiye, su yi addu'a tare, su ci abinci tare, daga nan su riƙa fita zuwa ƙananan majami'u suna komowa.

Wurin zama kuma ba limami ke zaɓa ba. Bayan shekara 6 na karatu, akan naɗa ɗaliban makarantar Écône a ƙarshen watan Yuni. Shugaban ƙungiya, da ke Menzingen, shi da shugabannin yankuna ke tsara wa zai je ina, yawancin canje-canjen kuma sukan soma aiki wajen 15 ga Agusta. Saurayin da bai taɓa barin Turai ba yana iya wayen gari a Libreville, inda suka buɗe gida a 1986, ko a Enugu ta Nijeriya, inda suka buɗe a 2012. Ba ƙungiyar ƙwadago da zai kai wa kuka.

Ran Juma'a ko Asabar sai ya ɗauki akwati. A ciki akwai ƙoƙon ibada, da gurasa da ruwan inabi, da littafin addu'o'i, da tufafin Mes, wani lokaci har da ɗan dutsen bagadi idan wurin da za shi ba su da nasu. Wani da mota, wani da jirgin ƙasa, a Amurka da Asiya kuwa da yawa sai da jirgin sama. Da isarsa zai zauna sauraron masu furta zunubi, ya yi Mes, ya koyar da yara, ya yi wa jariri baftisma, ya leƙa maras lafiya, sa'an nan ya kama hanyar gari na biyu don Mes ta maraice. Falke ya san irin wannan gajiya: ba a sauke kaya ba har an soma tunanin zango na gaba.

Akwai wani abin mamaki a nan. Kafin 1953, limami ba ya cin komi, ko ruwa ba ya sha, tun daga tsakar dare har ya gama Mes, kuma ba a saba yin ta da maraice ba. Fafaroma Pie na goma sha biyu ne ya ba da izinin Mes ta maraice a shekarar nan, a 1957 kuma ya mai da azumin awa 3. Da ba don wannan sassauci ba, da zagayen masu riƙo da tsohon tsari ya yi wuyar yiwuwa.

Amma tsarin ya fi kare limami bisa ga jama'arsa, wannan kam ba a musu. Garin da ke nesa yakan ga limami sau ɗaya a wata, wani ma sai an fi haka. Sauran kwanaki makulli na hannun wani dattijo, shi ke biyan haya, matarsa ke wanke kyallen bagadi. Idan ciwo ya tsananta wa tsohuwa ran Talata, kuma ga imaninta ba ta son barin duniya ba tare da shafewar ƙarshe ba, sai a bugo waya, limami ya sake bin hanyar da ya baro jiya, yana fatan ya tarar da ita da rai. Ga kuma canji: ya gama sanin sunayen yara ke nan, sai Agusta ta zo da wata takarda.

Bishop-bishop ɗinsu sun fi kowa shan hanya, domin su ke naɗa limamai, su ke yi wa yara shafewar tabbatarwa. Huɗu Lefebvre ya naɗa ran 30 ga Yuni 1988 ba da yardar Roma ba, abin da ya jawo musu hukuncin kora, wanda Fafaroma Benoît na goma sha shida ya ɗage wa su huɗun a 2009. An fitar da Richard Williamson daga ƙungiyar a 2012, Bernard Tissier de Mallerais ya rasu a Oktoban 2024. A ƙarshen shekarar nan mutum biyu suka rage, Bernard Fellay da Alfonso de Galarreta, ga limamai wajen 700 da majami'u daga Turai har Ostireliya, yaron da ke jiran tabbatarwa kuwa sai ya jira ranar da tafiyar ɗayansu za ta biyo ta ƙasarsu.