Fasfo Aron Gwamnati Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan a jaridarka.

Ni akawu ne, kullum ina cikin takardu da hatimi. Mutane da yawa suna tsammani fasfo mallakar mai riƙe da shi ne. Alhali aro ne daga gwamnati, mai abu kuwa yana iya karɓe abinsa.

Ku dubi Edward Snowden, mutumin Amurka. Cikin Yuni 2013 gwamnatinsu ta tuhume shi da tona asirinta, ta soke fasfonsa. Ya taso daga Hong Kong ya sauka Mosko da nufin wucewa, sai hanya ta toshe. Wajen kwana 40 ya yi cikin filin jirgin sama, ba gaba ba baya, sai ran 1 ga Agusta Rasha ta ba shi mafaka.

Ban ce a bar wanda ake tuhuma ya tsere ba. Amma tuhuma dabam, hukunci dabam. A ganina alƙali ya kamata ya hana mutum tafiya, bayan ya ji ta bakinsa, ba alƙalamin akawu irina ba. Mai riƙe da hatimi yau, gobe shi ne matafiyi.

Ko me 'yan'uwa masu karatu suka gani? Wassalam.

Ni ne,
Wani Akawu, Zariya.